Filin Harsunan Duniya: Hawa Jirgi da Kama Hanya a Harshen Sifaniyanci

Bahaushe ba ya shan wahala wajen faɗin yadda ya bar gida. Ya hau doki, ya hau keke, ya hau jirgi. In mota ce kuwa, ko ya ce ya shiga ko ya ce ya hau, duk ɗaya ne a kunnen ɗan kamasho. Sa'ad da abin hawan ya motsa kuma, kalma guda ta wadatar da shi: mota ta tashi, jirgin ƙasa ya tashi, jirgin sama ya tashi, kamar dai yadda ayarin fatake yake tashi daga zango tun zamanin da ake bin hanyar Gwanja da jakuna. Mutanen Sifaniya da danginsu na ƙetaren teku ba su san wannan sauƙi ba. A harshensu kowane abin hawa da irin tashinsa, kowace ƙasa kuma da kalmar da take so da wadda take jin nauyi, har ya zamana aikatau ɗin da zai kai baƙo tashar mota lafiya lau a birnin Madrid shi ne zai jawo masa dariya, ko a ɗaure masa fuska, a birnin Buenos Aires.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na nesa ne. Mutanen da suka buɗi baki da Sifaniyanci sun tasam ma miliyan 500, shi ne kuma harshen hukuma a ƙasashe 20, wadda ta fi su yawan jama'a ita ce Meziko. Ɗaya daga cikinsu maƙwabciyar Nijeriya ce ta wajen teku, watau Ikwatoriyal Gini, mai tsibirin nan na Bioko wanda dā ake kira Fernando Po, mutanen kudancin ƙasar nan kuma suka laƙaba masa suna Fanya, daga yadda masu mulkinsa suke kiran ƙasarsu. Sifaniya ta karɓi tsibirin daga hannun Fotugal cikin 1778, ba ta sake shi ba sai ran 12 ga Oktoba, 1968. Bayan yarjejeniyar ƙwadago ta 1942 jiragen ruwa sun yi ta kwasar dubban leburorin Nijeriya daga Kalaba zuwa gonakin koko na can, Hausawa 'yan kasuwa kuma sun daɗe da yada zango a Bata da Santa Isabel, garin da aka mayar da sunansa Malabo cikin 1973. Ga kuma ɗalibai da 'yan ƙwallo da masu fatauci, ga samarin da suke ratsa hamada suna neman gaɓar Turai. Dukansu kalmomin hawa da tashi su ne suke fara tarbarsu a bakin iyaka.

Mafi aminci a cikin kalmomin ita ce “subir”. Ma'anarta hawa sama, kamar hawa bene ko tudu, da ita kuma ake cewa farashi ya hau. Mutum yakan ce “subir al tren”, hawa jirgin ƙasa, “subir al avión”, hawa jirgin sama, “subir al coche”, shiga mota, babu kuma ƙasar da za a ji wannan a yi masa wani kallo. Kishiyarta ita ce “bajar”, sauka, wadda take tafiya da “de”, kamar a ce “bajar del tren”. Inda Bahaushe yakan yi tuntuɓe shi ne wajen mota, domin bakinsa ya saba da shiga, sai ya nemo “entrar” ya liƙa. Ba a ce ya karya nahawu ba, amma entrar jiki kawai take nunawa ya wuce ƙofa, kamar yaron da ya faɗa mota don ya fake wa ruwan sama, ko ɓarawon da ya fasa gilashi. Ba ta ɗauke da niyyar tafiya. Mai tafiya hawa yake yi, ko da motar gajeruwa ce wadda sai ya sunkuya. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Madrid ma, wanda aka buɗe cikin 1919, fasinja yakan gangara matakala da bajar, in ya isa wurin jira ya shiga tarago da subir, alhali kuwa daɓen taragon daidai yake da inda yake tsaye. Sau da yawa akan ƙara mata ɗan wakilin suna a ƙeya ta zama “subirse”, wadda ta fi zama ta hira, kamar direba ya leƙo ya ce wa abokinsa “súbete”, hau mana. Daga nan aka sami habaicin da ake yi wa 'yan a bi yarima a sha kiɗa, a ce sun yi “subirse al carro”, sun hau amalanken wanda ya ci. Mai taurin kai kuwa da ya haƙura ya janye maganarsa, sai a ce ya sauko daga kan jaki, “bajarse del burro”.

Jakin nan ya kawo zancen “montar”, wadda ita ce ta hawan da ake ware ƙafafu. Ana cewa “montar a caballo” ga doki, amma “montar en burro” ga jaki da “montar en bicicleta” ga keke. Doki kaɗai aka ware wa harafin “a”, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka ciro kalmar mutumin kirki, “caballero”, daga sunan doki, suka kuma aro “jinete”, gwanin sukuwa, daga sunan kabilar Zanata ta Magrib wadda mahayanta suka yi suna a yaƙe-yaƙen Andalus. A Kyuba da Benezuwela da Kolombiya montar ta faɗaɗa, har bas da taksi ana hawansu da ita. A Ajantina da Cile da Meziko kuwa mai keke “andar” yake yi, watau tafiya.

To, ga inda gizo yake saƙar. Hawa dabam, zaɓen abin hawa dabam. In mutum yana so ya ce zai bi jirgin ƙarfe takwas, ko zai ɗauki taksi, mutumin Sifaniya “coger” zai ce, ana kuma furta harafin “g” ɗin nan daga maƙogwaro, kamar farkon sunan Khalid a bakin Balarabe. Kalma ce tsohuwa wadda ta fito daga Latin, tushenta tattarawa, kamar tattara amfanin gona. A Madrid ita ce gishirin magana: da ita ake ɗaukar cokali, da ita ake amsa waya, da ita mura take kama mutum, da ita 'yan sanda suke cafke ɓarawo, da ita kuma ake bin bas, “coger el autobús”. Yaro yana faɗinta gaban kakarsa, mai karanta labarai yana faɗinta a talabijin. Haka take a Malabo da Bata, domin Sifaniyancin can daga bakin mutanen Turai aka koye shi, haka kuma take yawo ba kunya a Kyuba da sauran tsibiran Karibiyan.

Amma a Ajantina da Yurugwai da Faragwai da Meziko, da waɗansu ƙasashen da ke tsakani, kalmar ta zame ta koma ta batsa, mai nufin saduwar namiji da mace, irin wadda ba a faɗa gaban surukai. Ma'anar ta yi ƙarfi har ta kori sauran ma'anonin daga bakin jama'a. Saboda haka baƙon da ya koyi harshen a hannun malamin Madrid, ya sauka a Buenos Aires ya tambayi wata dattijuwa inda zai yi coger ɗin bas, ya faɗi abin da zai so ƙasa ta tsage ya shige. Masu ilimi na can sun san yadda mutanen Turai suke magana, sukan yi murmushi su wuce, amma yaran tasha ba sa yafewa. Abin da ake faɗa a waɗannan ƙasashe shi ne “tomar”, a ce “tomar el tren”, ko kuma a hira “agarrar”, wadda ta fito daga sunan farcen shaho, tana nufin cafkewa. Tomar tana da nata ɗan aibin, domin a nahiyar Amurka in aka faɗe ta ita kaɗai ba tare da abin da aka ɗauka ba, shan giya ake nufi. Amma muddin an ambaci jirgin ko motar babu wani ruɗani. A Sifaniya takan yi ƙamshin takarda kaɗan, kamar mutumin da yake hira da Hausar rediyo, sai dai ba wanda zai ƙi fahimta. Wanda bai san inda ƙafarsa za ta kai shi ba, tomar ce dai ya kamata ya sa a aljihu, ya bar coger sai ya ji masu gari sun fara faɗa. 'Yan'uwanta masu ɗafa-goshi, irin su “recoger”, ɗauko mutum daga tasha, da “escoger”, zaɓa, ba su kamu da cutar ba, ana faɗinsu ko'ina.

Sunan bas ɗin kansa wata rigima ce. A Sifaniya “autobús” ne, a Meziko “camión”, kalmar da take nufin babbar motar kaya a Madrid. A Buenos Aires “colectivo” ne, tun 1928 da direbobin taksi suka fara haɗa fasinjoji a kan hanya guda don rashin ciniki. A Kyuba da tsibiran Kanari kuwa “guagua” ake cewa. Ita wannan guagua a Cile da Ekwado da Feru da Bolibiya jariri take nufi, an aro ta ne daga harshen Kecuwa na mutanen Inka. Mutumin Habana da ya tsaya a titin Santiyago ya ce zai yi “coger la guagua”, mafi sauƙin fassarar da za a yi wa maganarsa ita ce zai ɗauki jaririyar wani.

A filin jirgin sama sai wata ta ɓullo, “abordar”. Asalinta “bordo”, gefen jirgin ruwa, da can kuma aikin mayaƙa ce da 'yan fashin teku: a matso da jirgi ya gogi na abokan gaba, a jefa ƙugiya, a tsallaka da takobi. Da irin wannan faɗa aka yi yaƙin Lepanto tsakanin Turkawa da rundunar Kirista ran 7 ga Oktoba, 1571, inda Miguel de Cervantes, wanda daga baya ya rubuta Don Quijote, ya sami raunin da ya kashe masa hannun hagu. Cikin 1575 kuma 'yan fashin teku suka kama jirgin da yake komawa gida a ciki, ya yi shekara biyar a tsare a birnin Aljas. A bakin mutanen Sifaniya har yanzu kalmar tana da sauran wannan kaifi: ana abordar ɗin mutum in an tare shi a hanya ba shiri, ana abordar ɗin matsala in an tunkare ta gaba da gaba. A Meziko da maƙwabtanta kuwa ta yi laushi ta zama hawa kawai. Takardar shiga jirgi sunanta “pase de abordar” a can, a Kolombiya “pasabordo”, a Madrid kuma “tarjeta de embarque”. Ƙamus na Majalisar Harshe ta Sifaniya, wadda aka kafa cikin 1713, ya karɓi wannan ma'ana ta hawa, saboda haka babu mai cewa kuskure ce. Abin lura shi ne ita so-karɓau ce, tana faɗa wa karɓau kai tsaye, a ce “abordar el avión”, ba a sa mata “a” ɗin da subir take nema.

Wannan ke nan game da fasinja. Saura tashin abin hawan, inda kalmar Bahaushe guda ta rabu gida-gida.

Ta yau da kullum ita ce “salir”, fita. “El tren sale a las ocho”, jirgin ƙasa zai tashi ƙarfe takwas. Ita ce a rubuce a allunan tashoshi, “salidas” masu tashi, “llegadas” masu isowa. Ba ta tsayawa ba harafi: wurin da aka bari yana ɗaukar “de”, wurin da aka nufa yana ɗaukar “para”, a ce “salir de Kano para Madrid”. Yayarta ita ce “partir”, wadda asalinta rabawa ne, da ita ake gutsura burodi ake raba gado, mai tafiya kuma rabuwa yake yi. Ta fi zama ta littafi da ta sanarwa, kuma da yake ana sakaya mutuwa da ita, kamar yadda Bahaushe yake cewa wane ya yi ƙaura, bai kamata mutum ya rubuta wa abokinsa cewa mahaifinsa “partió” ya yi shiru ba. Ya faɗi inda tsohon ya nufa, kada a zo masa ta'aziyya.

Akwai kuma wani ɗan tarko a tsakanin “ir” da “irse”. In maigida ya ƙwala wa yaronsa kira, Bahaushe yakan amsa da ina zuwa, sai ya so ya fassara da aikatau na zuwa, “venir”. Sifaniyanci bai yarda ba, domin venir motsi ne zuwa inda mai magana yake tsaye. Amsar ita ce “voy”, ko “ya voy”, watau ina tafiya wurinka. In kuwa yaron ya yi karambani ya ƙara ɗan wakilin suna ya ce “me voy”, to ya ce na tafi ke nan, maganar mai ban kwana ko mai ajiye aiki. Wancan ina zuwa ɗin da Bahaushe yake faɗa sa'ad da zai ɗan fita ya dawo, shi ne ya yi daidai da “ahora vengo”. A Ikwatoriyal Gini masu nazarin harshe sun daɗe da lura cewa jama'a sukan sa “en” a inda mutanen Turai suke sa “a”, su ce “voy en Bata”, za ni Bata. A Malabo kowa ya gane. A Madrid kuwa “bata” rigar shan iska ce ta cikin gida, “en” kuma ta abin hawa ce ko ta tufafin da aka sa, sai maganar ta fito kamar mutum ya ce zai fita da rigar barci.

Jirgin ruwa shi kaɗai yake da “zarpar”, ɗaga anka a bar gaɓa, harafinta na farko kuma a Madrid ana furta shi da harshe tsakanin haƙora, kamar na biyu a sunan Usman a bakin Balarabe, a Amurka kuwa “s” ce sak. Kowane ɗan makaranta a waɗannan ƙasashe ya haddace ta tare da ranar 3 ga Agusta, 1492, sa'ad da Kolombus ya tashi daga Palos da jirage uku, da kuma 20 ga Satumba, 1519, sa'ad da jirage biyar na Magellan suka bar Sanlúcar, waɗanda guda ɗaya tak ya komo cikin 1522 da mutum 18 bayan ya kewaye duniya. Jirgin sama “despegar” yake yi, ma'anarta ɓamɓarewa, kamar a ɓamɓare kan sarki daga ambulan, sai ka ce ƙasa ce ta riƙe shi da danƙo. Daga wannan Palos ɗin dai jirgin sama mai sauka a ruwa, Plus Ultra, ya tashi ran 22 ga Janairu, 1926 zuwa Buenos Aires; gari ɗaya, ruwa ɗaya, amma na Kolombus ya yi zarpar, wannan ya yi despegar. Cikin Disamba na shekarar waɗansu uku irinsa suka taso daga Melilla suka bi gaɓar Afirka ta Yamma, suka yada zango a Ikko kafin su isa Santa Isabel. Mota da jirgin ƙasa kuwa “arrancar” suke yi, watau tumɓukewa, kamar a tumɓuke rogo, da ita kuma ake cewa inji ya tashi ko ya ƙi tashi. Wanda ya ce jirgin sama ya yi arrancar, injinsa kawai ya ce an tayar, ƙafafunsa suna nan a ƙasa.

In tafiyar mai nisa ce mai nauyi, marubuta sukan ɗauko “emprender”, a ce “emprender el viaje”, daidai da ɗaukar hanya bayan an ɗaura ɗamara. Daga gare ta aka sami “empresa”, kamfani, domin kafa kamfani ma ɗaukar hanya ne. Ba a ɓata ta a kan zuwa kasuwa. Ita ce ta dace da mutum wajen 450,000 da suka tsallaka duwatsun Pirineos zuwa Faransa a farkon 1939 sa'ad da yaƙin basasa ya juya wa jamhuriya baya, da kuma fiye da 2,000 daga cikinsu da mawaƙin nan Pablo Neruda ya shirya wa jirgin ruwa mai suna Winnipeg, wanda ya isa da su Valparaíso ta ƙasar Cile ran 3 ga Satumba na shekarar.

Saura guda, wadda ta fi duk sauran kama da Hausa, ta kuma fi su haɗari. Kalmar jirgi a Hausa ta ruwa ce tun asali, ta masu fito a Kwara da Binuwai. Da baƙin ƙarfe ya zo sai aka yafa masa sunan, aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Haka “embarcar” ta yi. A cikinta akwai “barca”, kwalekwale, ma'anarta shiga jirgin ruwa, daga baya aka ja ta zuwa jirgin sama, har ƙofar da fasinjoji suke bi a filin jirgi ta zama “puerta de embarque”. Ba a cika kai ta ga bas ko taksi ba. Wanda ya yi haka ya yi kamar mai ɗaura wa jaki sirdin sarki. Kishiyarta “desembarcar”, kalmar da mutanen Kyuba suke tunawa da ita ran 2 ga Disamba, 1956, sa'ad da mutum 82 da suka taso daga Tuxpan ta Meziko tare da Fidel Castro a jirgin Granma suka sauka a gabashin tsibirin. In aka ce “embarcarse en” wani al'amari, to an tsunduma ne cikin abin da ba a ga ƙarshensa ba, irin hawan da Bahaushe yake nufi in ya ambaci motar kwaɗayi. A Benezuwela da Kyuba ma in wani ya yi maka alkawari ya shanya ka, sai ka ce “me embarcó”, ya ɗora ni a jirgi ya bar ni.

Haɗarinta yana cikin cewa tana da fuska biyu. Takan zo ƙi-karɓau, mutum ya hau da kansa: “embarcó en Dakar”, ko “se embarcó”. Takan kuma zo so-karɓau, mutum ya ɗora wani ko ya loda kaya: “embarcó a veinte hombres”, ya ɗora mutum ashirin a jirgi. Tarihin ƙasar cike yake da fuska ta biyu. Tsakanin 1609 da 1614 sarki Felipe na Uku ya kori jikokin Musulmin Andalus, wajen mutum 300,000, aka tara na yankin Valencia a tashoshin ruwa irin su Denia da Alicante aka haye da su Wahran. Waɗannan ba a cewa “se embarcaron”, sun hau, sai dai “los embarcaron”, an ɗora su. Haka bayin da aka kwasa zuwa Habana da Cartagena. Wanda ya fassara labarinsu da fuska ta farko ya wanke mai laifi ba tare da ya sani ba.

Wannan bambanci bai tsaya a littattafan tarihi ba. Cikin 2006 mutum fiye da 31,000 suka isa tsibiran Kanari daga gaɓar Afirka ta Yamma a manyan kwalekwalen masunta da ake kira “cayucos”, cikin 2024 kuma adadin ya haura 46,000. In irin wannan jirgi ya iso, abin da hukuma take fara nema shi ne wane ne “patrón”, mai riƙe da akalar jirgin, da kuma wanda ya shirya tafiyar. Sashe na 318 bis na dokar laifuffuka ta Sifaniya ya tanadi hukunci ga mai taimakon baƙo ya shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, in kuwa an jefa rayuka cikin haɗari ko ƙungiya ce ta shirya, ɗaurin yakan kama daga shekara huɗu zuwa takwas. Fasinja ba ya cikin wannan sashe. Ke nan duk nauyin yana kan tafinta, wanda yake tsaye tsakanin saurayin da bai san harshen ba da takardar da za a ba shi ya sa wa hannu. In saurayin ya ce mu ashirin muka hau, abin da ya kamata a rubuta shi ne “embarcó con veinte”, ya hau tare da ashirin. In aka rubuta “embarcó a veinte”, an mai da shi wanda ya ɗora su. Hausa ta tsare kanta daga wannan, domin hau dabam, hawar da dabam, ɗora kuma dabam, ba mai rikita su ko cikin barci. Sifaniyanci kuwa ya rataye bambancin a kan harafi ɗaya, “a” ɗin da yake sawa gaban karɓau in mutum ne.

Daɗin daɗawa, harshen yana barin aikau ya biyo bayan aikatau, kuma a magana mai sauri wasula biyu iri ɗaya sukan narke su zama guda. “Embarcó Adamu” na nufin Adamu ya hau. “Embarcó a Adamu” na nufin wani ya ɗora Adamu. A takarda ido yana ganin harafin, amma a kunne jimlolin biyu kusan sauti ɗaya ne, haka kuma za su kasance ga Audu da Ali da Aminu da Abubakar, da duk mai sunan da ya fara da wannan wasali. Tafintan da ya san aikinsa ba ya barin embarcar ita kaɗai a irin wannan wuri. Yakan warware ta gida biyu, ya ce “subió” ga wanda ya hau da ƙafarsa, “hizo subir” ga wanda ya sa wani ya hau, sa'an nan ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta, a hankali, kafin yaron ya ɗauki alƙalami.